Tsohuwar Kafireta

Shekara goma sha ɗaya motar mahaifina ta yi a bayan gidana na Karu, an ɗora ta kan duwatsu, an rufe da tamfol. Fara ce, ƙirar Faransa, ta girme ni. Da ya aje aikin gwamnati ya koma gida sai ya bar mini ita, ni kuwa na bar wa kaji. Da idanunsa suka mutu na ɗauko shi ya dawo wurina, bai roƙe ni komai ba sai abu ɗaya: yana so ya sake jin kukan motarsa. Likita kuma ya riga ya ja ni gefe ya ce kada mu ja lokaci.

Aka haɗa ni da wani dattijon bakanike, mutumin Filato. Mako guda ya yi bai taɓa makulli ba. Ya sauke tanki ya wanke, ya kwance filogi ya ɗiga baƙin mai a ramukan ya bar su kwana uku, sannan ya riƙa juya injin da hannu a hankali. Ya ce motar da ta daɗe a kwance, idan ka tashe ta da ƙarfi ka kashe ta ke nan. Ni mutumin ofis ne, abin da ya tsufa canza shi muke yi, kuma haƙuri bai dame ni ba. Na je kasuwar kayan mota na sayo sabuwar kafireta mai ƙyalli. Ya ce tsohuwar wanki kawai take so. Na nuna masa cewa ni ne mai mota, na jefa tsohuwar cikin buhun 'yan gwangwan.

Motar ta tashi kuwa, bugu ɗaya. Na fito da Baba kan kujera ina ta washe baki. Ya karkata kai ya saurara, ya daɗe, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma wannan ba ita ba ce."

Kunya ta kama ni, har da haushi. Na fara tunanin inda zan bi sawun buhun nan, sai dattijon ya jawo wani bokiti daga ƙarƙashin mota. Ashe tun ranar ya tsince tsohuwar kafiretar ya jiƙa a kananzir.

"Oga, na san za ka dawo wurin shi," ya ce.

Washegari da hantsi ya warware ta a kan tsumma, ya zare silin waya ɗaya yana bin ƙananan ramukanta yana hurawa, ya yanka kwali ya yi mata sabon gaskit. Da ya mayar da ita ya tayar, sai ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin injin, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Baba daga kujerarsa ya ce a rage kaɗan. Aka rage. Ya ce an zarce. Na tsaya ina kallon tsofaffi biyu, babu mai gani a cikinsu, suna neman wani sauti da ni ban ma san akwai shi ba. Har yau ban daina mamaki ba.

Can sai kukan ya sauka, ya daidaita. Baba ya miƙe da kansa. Muka kai shi mazaunin direba, hannunsa ya faɗa kan giya ba tare da lalube ba. Ya ce haka take yi idan yana jiran mahaifiyarmu a ƙofar asibiti, ranakun da take ɗauke da cikina.

Na miƙa hannu zan kashe don kada ta yi zafi. Ya riƙe mini hannu.

"Ƙyale ta," ya ce.

Muka ƙyale ta har fetur ya ƙare. Baba bai kai ƙarshen daminar shekarar ba.