Ranar da Aka Ce In Riƙe Hajiya Asabe Har Jirgi Ya Tashi

Cikin duk ranakun da na yi ina ɗaukar fasinjojin jirgin ruwa a mota a Doha, wadda ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da Hajiya Asabe ta shiga motata. Tunda kun ce in ba ku labarin kafin a fara rabon motoci, bari in fara da yadda aikin yake, saboda sababbin da ke cikinku.

Lokacin sanyi ne kakar aikinmu. Manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, waɗanda kowanne yake ɗaukar mutanen unguwa guda, suna zagayawa tsakanin Dubai da Abu Dhabi da Bahrain da nan. Jirgi ya iso da safe, ya tashi da yamma. A tsakani fasinjoji su sauko su ga gari, kamfaninmu kuma ya raba mana su. Kowane fasinja yana da katin jirgi, shi ne makullin ɗakinsa, shi ne kuma shaidarsa a ƙofa. Sannan a manna masa sitika a ƙirji mai lambar motar da zai shiga. Kowace mota da direba da jagora. Sama da mu akwai sufabaiza, a lokacin wani Bamisire ne, Ustaz Magdi. Dokoki biyu ya fi nanatawa. Adadin da ka ɗauka shi za ka mayar, domin jirgi ba ya jiran kowa. Sannan ba a ba wa kowa labarin fasinja, ko da ya ce shi ya haife shi.

A shekarata ta uku a aikin, wata safiya ina ɗumama mota, sai saƙo ya shigo guruf ɗinmu na 'yan arewa mazauna Doha. Hoton wata dattijuwa ne mai farin gilashi, a ƙasa an rubuta cigiya. Wai sunanta Hajiya Asabe daga Gusau, tana da ciwon suga, an kawo ta Dubai duba ido, sai ta ruɗe ta shiga jirgin ruwa ita kaɗai. Jirgin zai tsaya Doha yau. Duk wanda ya gan ta ya taimaka ya riƙe ta, ɗanta yana shirin tasowa.

Ban gama karantawa ba Malam Isiyaku ya kira ni. Shi ne shugaban ƙungiyarmu, mai gadi ne a wani babban kanti, kuma shi ya ba ni gado a ɗakinsu na unguwar Mansura lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba. Ya ce, "Habibu, kai ne namu a bakin ruwa. Ka sa ido." Na ce to. Na ɗan yi tunanin yadda mutum zai ruɗe ya shiga jirgin da ko mu masu katin aiki sai an caje mu kafin mu matsa kusa da shi.

Ban sha wahalar sa ido ba. Tana cikin na farkon da suka fito. Doguwar riga, mayafi, a kan mayafin malafa irin ta Turawa, farin kambas a ƙafa, sitikar motata a ƙirji. Ta nuna wa jagorata, wata 'yar Filifin, katinta, ta hau, ta zauna daidai bayana.

Na ce, "Hajiya, ina kwana. An zo lafiya?"

Ta dube ni ta saman gilashi, ta ce, "Ashe ba a tsira ba."

Na ce, "Na'am?"

"Ba komai, ɗana. Ɗan ina ne kai?"

Na ce Funtua. Ta ce to in tuƙa a hankali, nan ba hanyar Gusau ba ce.

Zangonmu na farko gidan tarihi ne. Jagora ta ɗaga tuta, Turawa suka bi ta. Hajiya ta ce ita ba za ta shiga ba, tsofaffin tukwane ta baro su a gida. Muka rage mu biyu a mota. Na yi gyaran murya, na tambaye ta cikin dabara ko ta san yau wace rana ce.

Ta ce, "Ni ma haka nake yi wa marasa lafiya. Yau Talata, nan Doha, hankalina kuma yana jikina. Ɗana Mustapha ne ya turo muku hotona ko? Nuna min."

Na miƙa mata wayar. Ta daɗe tana kallo. Ta ce duk hotunanta ya rasa wanda zai tura wa duniya sai wanda ɗankwalinta ya karkace.

Daga nan ta ba ni labari, kamar mai karanta rahoto. Ungozoma ce ta asibiti, ta yi ritaya. Maigidanta ya rasu shekarun baya. Tun daga lokacin 'ya'yanta suke karɓa-karɓa da ita. Wannan matarsa ta haihu, a zo a ɗauki Mama. Waccan za ta koma karatu, a zo a ɗauki Mama. Ta ce ba ta ƙi ba, jikokinta ne. Amma wata rana ta zauna ta duba, ta ga tun tana yarinya a gidan ubanta har yau ba ta taɓa rufe ƙofa ta kwana ba tare da wani ya ƙwanƙwasa ba. Da aka sa mata ranar ganin likita a Dubai, sai ta shirya abinta a ɓoye da wani mai harkar tikiti. Likita ya sallame ta, ta ce wa 'yar uwar da ta sauka gidanta za ta je ta dawo, ta ja akwatinta zuwa tashar jiragen ruwa. Sai da jirgi ya ɗaga ta tura wa yaran saƙo.

Na ce, "To ya zaman cikin jirgin, Hajiya, ke kaɗai?"

Ta ce wahalar farko ita ce shawo kan ma'aikata cewa da gaske ita kaɗai ce. Duk lokacin cin abinci sai mai raba tebur ya leƙa bayanta yana neman sauran. Ranar farko suka haɗa ta da wasu Jamusawa mata da miji, aka yi ta murmushi har kumatunta suka gaji. Washegari aka gayyace ta taron waɗanda suka zo su kaɗai. Ta ɗauka wa'azi ne ko shawara. Wani tsohon Bature ya miƙo hannu wai su yi rawa. Ta dubi ƙafafunsa, ta ce masa sun kumbura, ya rage gishiri ya je ya ga likitan jirgi. Ya je kuwa, yanzu duk inda ya gan ta sai ya rusuna. Mai gyaran ɗakinta kuma kullum sai ya naɗe tawul ya yi siffar giwa ko agwagwa ya ajiye mata a kan gado. Ta ce har yau ba ta gane laifin da tawul ɗin ya yi masa ba. Alƙibla ce kawai take ba ta aiki, sai ta tayar da sallah jirgin ya ga damar juyawa.

Sai ta daina raha. Ta ce, "Ranar farko da aka ajiye min faranti ni kaɗai, kasa ci na yi. Hannuna ya saba sai ya raba wa wasu tukuna. Na koma ɗaki na yi kuka, ban san na mene ne ba. Washegari na fita baranda da shayina, ruwa ta ko'ina, babu wanda ya san sunana. Na shanye shi da zafinsa. Rabona da shayi mai zafi, ɗana, na manta."

Zangonmu na ƙarshe Souq Waqif ne, bayan azahar. Fasinjoji suka watsu cikin kasuwa, har da Hajiya. Ina tsaye jikin mota sai ga Malam Isiyaku da kakin aikinsa, ya nemi a riƙe masa ƙofa ya taho. Ban faɗa masa komai ba, amma duk wanda ya yi wata guda a Doha ya san motocin baƙi a nan suke ƙarewa.

Ya ce, "Tana motarka?"

Na ce, "Malam, ba a ba mu izinin faɗa ba."

Ya ce, "Wato tana ciki." Ya ja ni gefe. Shirin mai sauƙi ne. Idan an taru za a koma, in ce mata akwai 'yan gida da suke son gaishe ta, in sa ta a tasi zuwa Mansura, a ba ta abinci, a ja hira har jirgi ya tashi. Ɗanta injiniya ne, mutumin kirki, ya yi ta roƙo a waya. Malam ya ce, "Da mahaifiyarka ce fa, Habibu? A tsakiyar teku, cikin Turawa, da ciwon suga?"

Maganar ta shige ni, domin ban san amsar da zan bayar ba da mahaifiyata ce. Kuma mutumin da yake tambayar, a kan katifarsa na yi kwanana na farko a ƙasar nan. Na ce ya ba ni minti kaɗan. Na koma bayan mota na kira Ustaz Magdi na faɗa masa komai.

Ya ce, "Tana da kati?" Na ce tana da shi. "Ta faɗi, ko ta ce ba ta da lafiya?" Na ce a'a. "Ta ce maka tana son zuwa Mansura?" Na ce a'a. Ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Fasinja ce. Idan ka dawo babu ita, ba ni za ka yi wa bayani ba, 'yan sandan tasha za ka yi wa." Ya kashe.

Na dawo na ce wa Malam Isiyaku ya yi haƙuri, ba zan iya ba. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi ashe haka Doha take mayar da mutane. Muna cikin haka sai ga Hajiya ta ɓullo, wani ɗan dako yana tura mata baro, a cikin baron babu komai sai ƙullin turaren wuta guda ɗaya. Ta ce ta ga ana tura wa kowa ne, ita ma ta ce a tura mata.

Ta dubi Malam Isiyaku, ta dube ni. Ta ce, "Wannan ne kwamitin kamun?"

Malam ya rusuna ya gaishe ta, ya fara bayani. Ta ce ya kira mata Mustapha, kiran bidiyo. Ya kira. Fuskar wani mutum ta bayyana, ya kai shekara arba'in, idanunsa jajur, da alamar a filin jirgin sama yake zaune.

"Mama, wane irin abu ne wannan? Me mutane za su ce?"

Ta ce, "Su wa? Na zagaya jirgin nan kaf, ba sa ciki."

"Surukarki Zainab fa ta kusa haihuwa."

"Ni na duba ta kafin in taho. Da saura."

"Maganinki fa?"

Ta buɗe jaka ta ɗaga masa shi. Ya cire hularsa ya shafa kai, muryarsa ta sauka. Ya ce, "Mama, tun da Baba ya rasu ban taɓa kwana ban san inda kike ba. Ranar nan na kira wayarki har ta daina shiga."

Ta cire malafar ta riƙe a hannu. Ta ce, "Ban kyauta maka ba a nan. Amma da na faɗa muku, da kun bar ni?"

Ya kawar da kai.

Ta ce, "To ka gani. Koma gida wajen matarka. Duk garin da jirgi ya tsaya zan kira ka da safe. Ranar da ya koma Dubai, in kana so ka zo ka ɗauki akwati." Ta ƙara da cewa ya sa a goge hoton nan. Ta miƙa wa Malam Isiyaku wayarsa, ta yi masa godiya da addu'a a kan ɗawainiyar da ya yi, ta hau mota. Jagora ta ƙirga, adadi ya cika, muka tashi.

A bakin tasha na sauke su. Ta ba ni rabin turaren ta ce in kai wa matata. Na tsaya ina kallo har ta nuna kati ta hau matakala, ba ta waiwayo ba. Ustaz Magdi ya duba motar, ya ce, "Yalla, maza kai ta wanki." Abin da ya ce ke nan a kan maganar gaba ɗaya.

Abin da ranar ta koya min, kuma nake so ku riƙe, shi ne wannan. Mu da muka baro gida dole, idan muka ga namu shi kaɗai a ƙasar mutane, abin da yake fara zuwa ranmu shi ne ya ɓata, ko an yashe shi. Wani lokaci haka ne, ku taimake shi iya ƙarfinku. Amma ku tambaye shi tukuna kafin ku cece shi. Aikinmu mu ɗauki mutum mu mayar da shi inda ya ce zai je, ba inda danginsa suke so ya je ba.

Malam Isiyaku ya ɗauki lokaci yana amsa gaisuwata da ka. Sai ƙarshen kakar, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya biyo ni har bakin tashar jirgin ƙasa ta Mansura. Ɗakinsu a lokacin mutum shida ne, gado kan gado. Ya duba hagu da dama, ya rage murya.

Ya ce, "Habibu, wannan jirgin. Ɗakin da ake bayarwa, da gaske mutum shi kaɗai yake kwana a ciki?"

Na ce da gaske.

Ya jinjina kai. Ya ce ba don kansa yake tambaya ba.