Wurin da Taɓarya Take Sama

Idan ka shiga Tambuwal kana neman Lauwali mai shagon waƙoƙi, za ka sha yawo a banza. Amma ka ce Ɗangiwa, sai kowa ya nuna maka da baki, can kusa da tasha. Kunnuwansa ne suka ja masa sunan, domin Allah Ya yi musu faɗi har hularsa a kansu take hutawa. Da yana yaro ya yi fushi, ya yi dambe, ya kai ƙara wurin uwarsa, duk a banza. Yanzu da ya haura sittin, shi da bakinsa yake cewa kunnen nan ne jarinsa, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Da gyaran rediyo ya fara. Daga nan ya koma ɗaure akwatin kaset a bayan keke yana bin kasuwanni, yau Dogon Daji, gobe Jabo. Da faifan sidi ya zo ya ture kaset, sai ya gyara zama. Da waya ta zo ta ture sidi, ya sake gyara zama, ya sayi tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi, ya ɗora farantin sola a kan rufi, ya koyi tura waƙa cikin wayoyin mutane yana mita. Zamani ya sauya masa kaya sau uku, amma bai sauya masa hali ba.

Halin kuwa shi ne, kafin ka karɓi waƙa a hannunsa sai ya faɗa maka abin da kunnensa ya ji. Kalma biyu ce da shi: «Ɗauka» ko «Aje». Idan ya ce ɗauka, ka ɗauka ido rufe. Idan ya ce aje, ko kai ka rera waƙar, haka zai dube ka ya faɗa. Wani mawaƙin biki daga Jabo ya taɓa shekara biyu ba ya gaishe shi a kan haka. Matarsa Mas'uda takan ce ba ta taɓa ganin ɗan kasuwa mai korar ciniki da bakinsa ba sai mijinta. Shi kuwa abin da yake taƙama da shi guda ne: shekara talatin da ɗoriya bai taɓa yanke hukunci ya dawo ya lashe ba. Gaskiya yana da girman kai a nan, kuma duk garin an sani, an kuma yafe masa.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ƙarshen damina, wani babur ya tsaya a ƙofar shagon, taɓo har wuya. Mai tuƙin ya sauko yana karkaɗe wando, dogo ne mai saurin baki. Wata dattijuwa ta sauko a bayansa, ta ja mayafi, ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon masu sayar da tabarmi kamar ba tare suke ba.

«Malam Ɗangiwa, an kwan lahiya? Sunana Attahiru, daga Kebbe munka hito takanas wurinka,» in ji mutumin. «Wagga Batula ta, matar yayana marigayi. Ɗanta na hwari, Gazali, shekara huɗu shina Legas. Mun aza karatu shikai. Sai ga labari wai jaz shikai! Har an ɗauke shi shina yi gaban mutane, ana saidawa cikin waya.»

«To mi ya hwaru?» in ji Ɗangiwa.

«Mi ya hwaru? Malam, shekara tara ina kabu-kabu Legas, na san abin da aka kira jaz. Asiri na! In anka ce an yi ma mutum jaz, sai dai a tara malamai. Yaron ga jikan liman na, ya tahi ya zama boka!»

Ɗangiwa ya yi dariya har hular ta zame daga mazauninta. Da ƙyar ya samu numfashi ya bayyana masa cewa kalma ɗaya ce mai gida biyu. Jaz ɗin 'yan tashar Legas daban, na makaɗa daban. Wannan kiɗa ne da ya samo asali wurin baƙaƙen fatar Amurka, shi tun yana gyaran rediyo yake tsintarsa a tashoshin waje.

Attahiru ya ji kunya, amma irinsa ba ya faɗuwa ƙasa gaba ɗaya. Ya gyara tsayuwa ya ce to, ko kiɗa ne, akwai na kirki akwai shiririta. Dangi sun zauna sun yanke shawara, an ce a kawo wa kunnen Tambuwal. «In kac ce ɗauka, mu saye, mu ƙyale shi da sana'atai. In kac ce aje, jibi ina hanya, in ɗauko shi ya komo gona. Ba mu barin ɗanmu shina ɓata lokaci garin mutane.»

Nan dariyar Ɗangiwa ta tsaya. Ya saba yanke wa waƙa hukunci, bai saba yanke wa mutum ba. Ya dubi dattijuwar ya ce, «Baiwar Allah, ki shigo ki zamna, ke ma ki ji.»

«Ni rariya niz zo saye,» ta ce, ba ta ko juyo ba.

Ɗangiwa ya gane. Ɗan fari ne. Uwa irin ta da ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Amma babu wadda za ta jure hanyar Kebbe a bayan babur, da damina, saboda rariya. Ya tura benci kusa da ƙofa da ƙafarsa. Bayan ɗan lokaci ta zauna a gefensa, ta ba su rabin baya.

Ya nemo abin a kwamfuta. Waƙa bakwai ce, an ɗauka a wani zaure yaron yana yi a gaban jama'a. Hoton ya nuna siririn saurayi da hula zanna, a bayansa mai piyano, mai ganguna, mai wata lanƙwasasshiyar algaitar ƙarfe, da wani riƙe da ƙaton goge da ya kusa fin shi tsawo. Rabin waƙa ɗaya aka bari kyauta don ɗanɗano, sauran sai an saya. Ɗangiwa ya kunna, ya rufe ido, ya karkata kai.

Da farko ya ji daɗi. Ana jin motsin kujeru da tarin wani a baya, amma wannan ba laifi ba ne, haka ɗaukar zaure take. Muryar yaron tana da yashi kaɗan, mai daɗi, kuma Hausar gida yake yi, ba ya murɗe harshe don ya burge baƙi. Kiɗan yana tafiya dum, dum, dum, a natse. Sai kwatsam yaron ya yi tsit, kiɗa ya tsaya, sannan suka faɗo tare. Ɗangiwa ya yamutsa fuska. Aka ci gaba, aka sake yin tsit, wannan karon ya fi na farko tsawo. Na uku gajere, na huɗu dogo. Da tsayawar daidai take, da sai ya ce salo ne. Amma wannan ba ma'auni. Kunnensa ya ba shi amsa: numfashin yaron ne yake yankewa, makaɗan suna jiransa don su rufa masa asiri.

Ɗanɗanon ya ƙare. Ransa ya ɓaci ƙwarai, domin yaron ya shiga ransa, ga uwarsa zaune. Ya yi tunanin ya yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa, ya ji harshensa ya ƙi.

«Murya akwai,» ya ce a hankali. «Amma numhwashi bai kai ba. Sau huɗu shina yankewa cikin rabin waƙa. Gaskiya ɗaci gare ta. Aje.»

Attahiru ya tafa cinya. «Na hwaɗi! Tashi mu tahi.»

Batula ba ta tashi ba. Tana kallon kasuwa ta ce, «Malam, maido ta. Hayaniya ta hana ni ji.»

Babu wata hayaniya, amma ya maido. Dum, dum, dum. Da aka zo wurin tsit na farko, sai ya ji tafi ɗaya, kas, daidai cikin ramin. Ya buɗe ido. Hannuwan dattijuwar ne a kan cinyarta. Aka zo dogon tsit, kas kas, tafi biyu, kuma tana sauke hannu kiɗan yana faɗowa. Gajere, ɗaya. Dogo, biyu. Ko sau ɗaya ba ta kuskure ba, kuma da alama ba ta ma san tana yi ba.

Ɗangiwa ya tsayar da waƙar. «Baiwar Allah, ƙaƙa kinka san inda za shi tsayawa?»

Ta dubi hannuwanta kamar sun tona mata asiri. Sannan ta yi 'yar dariya. «Malam, ka taɓa daka?»

«Ni? Daka?»

«Ai shi ya sa. Ba numhwashi na ba. Nan taɓarya tana sama. In kin cilla ta kusa, ki tahwa guda ki cahe. In kin cilla ta nesa, ki tahwa biyu. Wa ka waƙa taɓarya na bisa kanta? Sai ta sauko.» Ta ja mayafi ta ƙara da cewa, «Waƙar dakan gero ta. Kowace mace tana da tata.»

Ɗangiwa ya dubi hannuwanta. Shekara talatin yana alfahari da kunne, ga shi kullum ana daka a gidansa, bai taɓa tsayawa ya saurara ba. Kunya ta kama shi, daɗi kuma ya fi kunyar yawa. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

«Attahiru, ka shaida, kuma ka hwaɗa ma duk Kebbe. Yau Ɗangiwa ya lashe maganatai. Ɗauka!»

Bai jira kowa ba, ya saya da wayarsa nan take. Suka saurari bakwai ɗin har azahar ta gabato, masu wucewa suna taruwa a ƙofa. Bai fasa halinsa ba: ya ce ta biyu da ta biyar ba su nuna ba, mai algaitar ƙarfen kuma surutu ya yi masa yawa, ya fi Attahiru. Amma sauran, in ji shi, ko kaset ne da ya ɗaure su a keke ya kai har Jabo. Attahiru kuwa tuni ya fara gaya wa 'yan kallo cewa shi dama ya san yaron zai yi abin kirki.

Da suka dawo kan waƙar dakan, suka ji rabin da ba a bari kyauta ba. A nan yaron ya koya wa mutanen zauren tafin, sai ga ɗaruruwan hannuwa a Legas suna cika ramin, ɗaya a gajere, biyu a dogo. Sannan kiɗa ya yi ƙasa, ya rera baiti na ƙarshe shi kaɗai:

Mai daka bayan danga,
ba ki kira ni ba, na ji.

Ɗangiwa ya saci kallon benci. «Ke kinka koya mai?»

«Ban koya mai komi ba,» in ji Batula. «Gidan kakatai ya tashi. Danga ɗai ta raba mu.» Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin masu tsire ne. Sannan ta kwance bakin zane, ta fito da 'yar ƙaramar waya mai madannai da aka ɗaure da roba, ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

«Sa min ita. Matan gidanmu ka son irin wagga.»

Ya sa mata, ya nuna mata madannin da za ta latsa ta maimaita. Ya tambaye ta da wane suna zai ajiye waƙar, ko ya rubuta sunan mai ita.

«Bar shi hakanan,» ta ce. «Na san muryar.»

Babur ya tashi ya nufi Kebbe, tana riƙe da wayar da hannu biyu a ƙarƙashin mayafi. Sai da suka ɓace Ɗangiwa ya tuna ba ta sayi rariyar ba.