Riga Mai Aljihu Biyu

Tun ranar da aka fara ɗinka tufa a duniya ake fama da tambaya ɗaya: yaya mace za ta rufe jikinta ruf, kuma ta fita tana jin babu wadda ta kama ƙafarta? Iyaye mata sun yi iya yinsu, teloli sun yi, masu wa'azi sun yi har murya ta dushe. Abin farin ciki shi ne yanzu an warware matsalar. An warware ta ne a wani ɗaki mai gado biyu da madubi ɗaya mai tsagewa a gefe. Wadda ta warware ta mai gyaran tabarau ce, kuma zuwa yanzu mutum ɗaya aka gwada wa maganin, ita ce kuma mutumin.

Mai Tabarau ake ce mata, a shago da gida duka. Ita ce babba a wajen iyayenta, doguwa, mai faɗin kafaɗa irin na mahaifinta. Da share gilasan kantar sayarwa ta fara aiki a shagon, wanda ke tsakanin kantin magani da mai sayar da takalma, har ta zama ita ce mai teburin gyara. Ba ita ke gwada ido ba, akwai likita a ɗakin ciki. Nata aikin shi ne abin da ke biyo baya: tabarau da aka zauna a kai, da wanda jariri ya murɗe, da wanda ke zamowa daga hanci duk lokacin da mai shi ya sunkuya. A kan doguwar rigarta takan ɗora farar rigar aiki mai manyan aljihu biyu. A ɗaya akwai sukudireba da ba ta kai ɗan yatsa ba da ƙyallen goge gilashi, a ɗayan alewa.

A cikin shagon nan ba ta da na biyu. Za ta zare wa dattijo tabarau daga fuska ba tare da neman izini ba, ta ɗaga shi sama, ta ce, “Alhaji, da gefen riga kake goge wannan ko da yashi?” Alhaji ya yi ta ba da haƙuri. Tana aiki tana zuba, tana tsokanar kowa, mutane su fita suna dariya ko da gyaran bai yiwu ba.

Manema kuwa ba a rasa ba. Matsalar ita ce wadda suka gani a shago ba ita suke tararwa a waje ba. Da ta cire farar rigar ta yi kwalliya ta zauna gaban namiji, sai bakinta ya mutu. Hannuwanta su zame mata kamar na aro. Ta ɗora su a cinya, ta sauke, ta riƙe jaka, ta kama bakin mayafi ta murza har ya yamutse. Wani ma'aikacin banki ya tambayi ƙanwarta ko yayar tata ba ta jin daɗi ne. Wani malamin makaranta, mutumin kirki, ya yi mata addu'ar samun sauƙi kafin ya tafi, bai kuma dawo ba.

A gida sai aka rabu jam'iyya biyu. Inna ita ce shugabar masu ƙari. A wajenta kowace matsala ta 'ya mace yadi ne ya yi kaɗan. Ta sayo mata mayafi mai launin siminti, wanda idan aka yafa shi sai a nemi mai shi a rasa.

“Namiji mai hankali natsuwa yake nema,” in ji Inna.

“To ai sai ya gan ta tukuna,” in ji Auta, ƙanwarta, shugabar masu ragi. “Inna, dubi Yaya don Allah. Kamar motar da mai ita ya yi tafiya ya lulluɓe.”

“Rufe min baki, mara kunya. Ke da kike fita kamar an naɗe tsintsiya.”

An gwada na Inna: Mai Tabarau ta taka bakin mayafin a matakala, ta isa gaban baƙon da gwiwa. An gwada na Auta, wato riga da aka ɗan kama a ƙugu da takalmi mai tsini: ta yi zaman tana jan mayafi ƙasa tana riƙe numfashi, ta dawo gida da takalmin a hannu. Baba, wanda ya yi ritaya ya koma sauraron rediyo, bai shiga kowace jam'iyya ba. Ya ce shi ɗan kallo ne.

Ana cikin haka wani mai koyar da tuƙi ya fara zuwa shagon. Malam Birki ɗalibansa suka sa masa, don ko a kujera yake zaune, idan wani ya wuce da sauri sai ka ga ƙafarsa ta dama ta danna ƙasa. Mutum ne mai sanyin magana, irin sanyin wanda ya saba ganin mutuwa ta taho ya ce mata a hankali, a hankali. Gilashin tabaraunsa kuwa ya yi kaurin gindin kofi. Ƙafar tabaraun ce ke yawan kwancewa. A ɗaure masa yau, a gan shi jibi.

Rannan ta sa madubin ƙara girma ta dubi ɗan notin da kyau.

“Malam, wannan notin ba da kansa yake kwancewa ba. Ga sawun wuƙa.”

“Ikon Allah,” in ji shi. “Ni ma abin yana ba ni mamaki.”

“Wuƙar kicin ce ko ta aljihu?”

Ƙafarsa ta danna ƙasa. “Ta kicin ce, Malama.”

Bai ƙara kwance noti ba. Ya je ya gaida Baba, ya nemi izinin fita da ita shan shayi da yamma ranar hutu, tare da Auta. Baba ya rage muryar rediyo ya amince, wanda a gidan ba ƙaramar karramawa ba ce.

A nan hankalin Mai Tabarau ya tashi. Na baya da suka tafi ba su hana ta cin abinci ba. Wannan kuwa tana so. Ta kuma san abin da zai faru: zai zo neman mai tsiwar nan ta shago, ya tarar da gunki, ya yi mata addu'a ya tafi.

Wata yamma da za a rufe shago ta cire farar rigar ta rataye. Nan take hannuwanta suka yi reto ba su da wurin zuwa. Ta mayar da rigar, ta zura su a aljihu, ta ji ta dawo mutum. Ta sake cirewa, ta sake mayarwa. Mai takalma yana leƙe ta taga, ya ɗauka sanyi take ji. Daga shagon ba ta tsaya ko'ina ba sai gidan telarsu, Maman 'Yan Biyu.

“Riga nake so doguwa har ƙasa, mai faɗi, amma kafaɗar ta zauna daidai. Hannu dogo da maɓalli a wuyan hannu, kada ya riƙa zamewa. Kore mai duhu, irin na kwalba. Da aljihu biyu.”

Maman 'Yan Biyu ta cire fil daga bakinta. “Aljihu? A rigar fita? Me za ki zuba, gyaɗa?”

“Hannuna.”

“Ke 'yar nan, zai ɓata zubin rigar.”

“Ya ɓata.”

“Ni dai tunda nake ban taɓa jin an je wajen saurayi da aljihu ba. Shi ake so ya zo da shi.”

“Maman 'Yan Biyu, masu zurfi. Har nan.”

“Na ji. Gobe ki zo ki karɓa.”

Goben tela kowa ya san ta, ba ta cikin kalanda. Ana gobe ana gobe har ranar ta zo babu riga. Inna ta ciro mayafin siminti ta ajiye a kan gado. Auta ta ciro takalmi mai tsini ta ajiye kusa da shi. Mai tasi ya iso yana danna oda, sai ga Maman 'Yan Biyu da kanta, tana haki, da riga a leda, zare na reto a jikinta.

Rigar ta yi kyau, wannan babu gardama. Inna ta duba tsawo ta ga ya share ƙasa. Auta ta duba launi ta yi shewa. Wannan ne karo na farko da jam'iyyun biyu suka yarda da abu ɗaya, kuma kowacce ta ɗauka ɗayar ce ta sauko. A gefe da gefe ga bakin aljihu biyu, an bi su da siririn ɗinki mai kyau. Mai Tabarau ta kai hannu, Auta ta buge shi.

“Kul! Yanzu na shafa miki mai a hannu. Wannan yadin idan ya sha mai ya gama yawo. Ki ɗaga su sama har ya bushe.”

“Ina sukudirebata?”

“Tana jakata, da wayarki. Yaya, hira za ki, ba gyara ba.”

Inna kuma ta kama mayafi mai ruwan zuma ta shiga soka fil. Ta soka a ƙarƙashin haɓa, ta soka a kafaɗa, ta soka wani don ya tsare na kafaɗar, ta ƙara wani saboda iska.

Haka Mai Tabarau ta fita, hannuwa a buɗe nesa da jiki kamar likita zai shiga tiyata. Da suka sauka daga tasi ta hango wata mata a gilashin wani kanti, doguwa, cikin kore, tana tafiya kai a ɗage, babu abin da take ja, babu abin da take gyarawa. Ta ɗan tsaya. Matar ta burge ta. Ta ce a ranta, duk abin da zai faru, ina da wurin ajiye hannu.

Malam Birki ya riga su zuwa. Auta ta koma teburin gefe ta duƙufa kan waya, kunnuwanta a nan. Ya miƙe ya gaishe su, ya ɗan rusuna, sai ɗan notin nan da ya sha wuƙa ya yi tsalle ya shige inda har yau ba a sani ba. Ƙafar tabarau ta faɗa kan faranti. Sauran ya rataye a kunne ɗaya.

Kafin ta yi tunani hannunta ya riga ya zare shi.

“Ka gani ko? Ka cinye masa zare da wuƙarka. Yanzu wa gari ya waya?”

“Ni, Malama.”

“Zauna. Kada ka motsa, za ka taka wani abu.”

Ta laluba kafaɗa ta zaro fil ɗaya daga na Inna, mayafin ko gezau bai yi ba. Ta zura shi a ramin notin, ta lanƙwasa bakinsa da gindin cokali. Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Sai dai gilashin ya yi datti, ta shiga gogewa. Tana gogewa tana tambayarsa wane ɗalibi ne ya fi ba shi tsoro. Ya ba ta labarin wata hajiya da ke rufe ido idan babbar mota ta taho, wai ba ta son ganin tashin hankali. Mai Tabarau ta yi dariyar da ta sa Auta ta ɗago kai. Ta ba shi nata na mutumin da ya zo neman tabaraunsa da ya ɓata alhali yana saman kansa. Shayi ya huce, aka kawo wani. Tabaraun yana hannunta, da shi take nuni, da shi take buga tebur idan magana ta yi daɗi.

Can ya gyara zama, ya danna birki, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya faɗe shi da kyau, cikin ladabi, yana fuskantar wata tukunyar fure da ke ɗan hagu da ita.

“Malam, ina nan.”

Ya juyo ya maimaita. Ta ce ya je ya ga Baba. Sai da ta shiga tasi ta tuna, ta miƙo masa tabaraunsa ta taga.

Bayan an yi aure jam'iyyun suka koma fagen fama, kowacce tana cewa nasararta ce. Inna ta ce tsawo ne da fil. Auta ta ce launi ne. Rannan ango ya zo gaisuwa, Auta ta tsare shi a falo gaban kowa.

“Yaya Malam, tsakaninka da Allah, rigar nan ta ranar shayi, me ya fi burge ka, launin ko tsawon?”

Mutum ne da ba ya ƙarya sai a kan noti. Ya ce, “Gaskiya na ga wani abu kore-kore yana magana.”

Daga bayan rediyo Baba ya ce, “A shagon ma ai duk wanda take wa tsiwa ba ya ganinta.” Inna ta ce ya rage ƙarar rediyon nan, ba a jin magana.

Mai Tabarau ko a jikinta. Ta ce ita dama ba don idon kowa ta sa rigar ba, ita ta ga kanta kuma ta yaba. Abin da ya tsayar da ita a ranar, in ji ta, sanin cewa aljihu yana nan. Har yau wannan take koya wa duk budurwar da ta zo gyaran tabarau ta yi kuskuren ambatar saurayi. Ki sa abin da ba za ki riƙa ja ba, ki zaɓi launin da ke kike so, sannan ki sa a yi miki aljihu. Telolin layin sun fara ƙorafi. Rigunanta na yanzu duk da aljihu, har mijin nata ma yakan ajiye makullin mota a ciki.

Koriyar rigar kuwa tun daga ranar Inna ta ninke ta ta sa a akwati, aka daina taɓa ta saboda daraja. Sai bana, da Auta ta samu nata mai zuwa gaisuwa, ta sauke girman kai ta ce a ara mata. Ta sa, ta juya gaban madubi mai tsagewa, ta kai wayarta bakin aljihu ta saki. Wayar ta faɗi ƙasa.

Bakin aljihu kawai Maman 'Yan Biyu ta yi wa rigar don ado. Babu aljihu a ciki.