Katin Orville Sai Ta Gidan Waya

A gyara zama, a rage muryar talabijin! Ga Delbert Pokorny, tsohon direban motar share ƙanƙara, sarkin lasar ambulan na duk jihar Wisconsin, wanda ma'aikacin gidan waya ke hangowa ya ji ƙafarsa ta yi nauyi. Kawuna ne, don haka ina da lasisin tsokanarsa.

Tun yana saurayi Kawu Delbert ke tara katunan 'yan ƙwallon Amurka, masu hoton ɗan wasa da hular ƙarfe. Kati ba ya shiga kundinsa sai da sa hannun mai hoton, kuma sai ta gidan waya. Zai zauna a teburin kicin ya murza wa katin hodar jarirai don santsinsa ya mutu, tawada ta kama. Sannan ya rubuta 'yar gaisuwa, ya haɗa da ambulan na biyu mai adireshinsa da kan sarki, ya roƙa a sa hannu da shuɗiyar tawada. Matarsa Marlys ta ce gidanta ya fi gidan mai jego ƙamshin hoda.

Burinsa shi ne ya haɗa katunan duk 'yan ƙungiyar da ya gani a shekarar da mahaifinsa ya fara kai shi filin wasa. Kusan duk sun amsa, har da waɗanda suka rasu daga baya. Gurbi ɗaya ya rage, na Orville Brandvold, wani ƙato da ya yi kakar wasa ɗaya yana tare wa abokan hamayya hanya sannan ya ɓace. Kawu ya aika, ya sake aikawa, shiru.

Wata Juma'a a wurin cin soyayyen kifi na coci, wani tsoho mai wuya kamar kututture ya zauna kusa da shi. Kawu ya dubi hancin nan da ya karye ya karkace, irin na jikin katin, cokali ya faɗi daga hannunsa. Ashe Orville ya dawo garinmu wajen 'yarsa.

"Kai ne mai ambulan masu ƙamshin jariri?" in ji Orville. "'Yata ta kwaso min su cikin kwali. Na ɗauka masu tallan na'urar ƙara jin kunne ne. Kawo katin, ga alƙalami."

Akwai katin Orville a aljihun Kawu, tun da ba ya rabuwa da na ajiya. Amma Kawu ya dafe aljihu.

"Sai ta gidan waya."

"Bawan Allah, gwiwarka na gugar tawa!"

"Haka na tara sauran."

Marlys ta ce, "Delbert, mutumin nan ya haura tamanin. Kana jiran me, jana'izarsa?"

Orville ya ce, "Na gode, Madam."

Kawu ya yi gumi, ya san gaskiyarta, amma bai motsa ba. Washegari ya yi wa katin hoda ya aika gidan 'yar Orville, wanda ake hango rufinsa daga tagar kicin. Daga nan duk Juma'a suna zama tare, suna miƙa wa juna gishiri, ba mai ta da maganar. Kawu dai yana lura da yadda tsohon ke tari, kifi ya daina yi masa daɗi.

Ranar da ambulan ya dawo ina gidan, na zo cin abincin banza. Kawu ya yanka bakin ambulan ɗin da wuƙa a hankali. Ga sunan Orville, manya-manyan baƙaƙe, har kan hular. Na haye kujera na ɗaga cokali.

"Jama'a, tarihi ya kafu! Kawu, ƙungiya ta cika! Me za ka gaya wa duniya?"

Ya kai katin bakin taga, ya juya shi, ya dube ni ta saman tabarau.

"Da baƙar tawada ya yi, ba shuɗiya ba. Sauko, miƙo min hoda, mu sake aikawa."