Damin da Ya Ƙi Rabuwa

Tun da hantsi ƙanena Lawal ya ari babur ya nufi gonarmu ta bayan Pauwa, inda 'yan bindiga suka hana kowa taka ƙafa, wai zai kwaso sauran dawar da muka gudu muka bari. Ga shi rana ta faɗi bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe. Ina zaune a ƙofar gidan da aka ba mu aro a Ƙanƙara, ba abin da ke yawo a kaina sai wata tatsuniyar Iya.

Iya kakarmu ce. Bayan magariba takan tara mu bakin murhu tana gasa mana gyaɗa, kuma duk da haƙoranta ba su fi biyu ba, ta fi kowa ci. Ni take kira mijinta, wai ragon miji da ko goro bai taɓa saya mata ba.

Ta ce a wani gari aka yi gayya, aka girbe dawa dami dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. A al'adarsu ba a kwance dami a fili, kuma ba mai kai nasa rumbu sai rabo ya zo daidai. Aka kasa gida biyu, dami ɗaya ya ragu. Aka kasa uku, ɗaya ya ragu. Huɗu, biyar, har goma, ɗayan nan na nan yana kallonsu. Da suka gwada sha ɗaya ma sai biyu suka ragu. Suna kasawa suna tarawa, suna zagin juna, har gara ta cinye tarin daga ƙasa.

"To Iya, mi ya kamata su yi?" in ji Lawal.

"Su bar ma tsuntsaye shi mana, ɗan nema! Wanda ya ce sai ya kwashe duka, shi ke kwana da yunwa."

Da na zama malamin lissafi na gano lambar nan ta Iya ba ta rabuwa da komai sai da ɗaya ko da ita kanta. Na sha ba ɗalibai ita su yi ta gumi ina dariya.

Yau da safe na riƙe kan babur ɗin, na tuna wa Lawal maganar Iya, na roƙe shi har da hawaye.

"Yaya, mutanen garin can ƙoshi ya yi masu yawa," ya ce. "Ni ɗiyana yunwa suka kwana da ita. Abin da ya ragu ɗin nan, shi kaɗai gare mu."

Na saki kan babur ɗin, ya tafi. Iya ta koya mana haƙura da saura a zamanin da rumbunanmu ke cike. Ba ta faɗa mana abin da mutum zai yi ba idan sauran ne duk abincinsa. Wallahi tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Yanzun nan matarsa Hinde ta leƙo daga zaure da ɗan kwanon tuwon da maƙwabta suka aiko.

"Malam, in ba yara nashi, ko in aje mashi?"

Na dubi hanyar Pauwa, babu ko fitilar babur.

"Aje mashi," na ce.