Wuƙa Mai Maƙali

Ku matso, ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga wata nan tafe gare ku, ta cikin gidanmu ce, da idona na gan ta.

A zamanin da ake aikin madatsar Bakolori ina matar maƙeri, a wani ƙauye na ƙasar Maradun, bakin gulbi. Maigidana gadon ƙira ya yi. Yana ƙera galma da kalme da lauje kamar kowane maƙeri, amma abin da aka san gidansu da shi ita ce 'yar wuƙa mai naɗewa, mai ƙotar ƙaho. Mutum ya buɗe ta ya yanke igiya ko ya fere rake, ya naɗe, kaifin ya shige cikin ƙahon, ya jefa ta aljihu. Aljihun rigunan mazanmu kuwa zurfi gare shi kamar burgami. Abin da ya faɗa ciki ya kwanta ke nan.

Ana nan, ana nan, sai ruwan madatsar ya zo. Aka tashe mu aka kai mu sabon matsuguni a kan tudu, ƙasa duk tsakuwa. Fadamu suka nutse. Wanda ba shi da gona, me zai yi da galma? Maza suka watse neman aiki, wasu bakin madatsar, wasu wajen ginin hanyoyin ruwa na siminti da suke kira kanal, can ɓangaren Mafara da Bakura. Ɗiya ɗaya Allah ya bar mana, ita kuwa ta riga ta yi aure a Dakko. Gidan ya rage mu uku, ni da maigida da mahaifiyarsa, Inna, wadda idonta ya yi rauni. Ranar tashinmu a bayan babbar mota aka ɗora ta bisa tabarmi. Da aka sauke ta, ta dafa ƙasa da tafin hannu ta ce ba mai sake ɗaga ta daga nan sai masu kai ta makwanci.

Maigida ya kafa maƙerarsa a ƙofar gida, ya binne kututture, ya dasa uwar maƙera a kai, wannan dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a bisansa. Ya zauna yana jiran masu kawo gyara. Ba mai zuwa. Mai yi masa zuga ma ya bi sauran maza. Wata rana bayan la'asar na kai masa ruwa, bai dube ni ba ya ce, "In damina ta wuce haka, ni ma tahiya zan yi. An ce suna ɗaukar masu gadi."

Na ajiye ruwan na koma ciki. Na ga matan layinmu waɗanda mazansu suka tafi. Da hantsi ka bi layin, ba ka jin komai sai tarin tsofaffi da kukan awaki. A tsohon garinmu ina da 'yan'uwa ko'ina, a nan kuwa an rarraba mu, ban san ta bayan dangana ba. In ya tafi, sai ni da tsohuwa da ba ta gani.

Sai ga ƙanen maigida ya zo hutu. Shi yana cikin masu ginin kanal, ya shigo da kakin ma'aikata, riga 'yar guntuwa mai aljihu a ƙirji. Tsakanina da shi wasa ne, irin na mata da ƙanen miji.

"Matata, har yanzu kina nan wurin tsohon ga? Ki biyo ni Mafara ki ci burodi."

"Wa zai bi mai rigar yara? Yadin ne bai kai ba?"

Ya yi dariya, ya gaida Inna, ya zauna bakin maƙera. Ya ce da wansa ya ba shi wata wuƙar, tasa ta sake faɗawa ruwa. Aljihun kaki ba shi da zurfi, da mutum ya sunkuya sai ta sulale. Ya ce duk abokan aikinsa kukan da suke yi ke nan. "Yaya, ka ga biron helumanmu, shugaban aikinmu? Wani ɗan ƙarfe gare shi a gefe, ya maƙala shi bakin aljihu, ko tsalle ya yi ba ya faɗuwa. Ka yi wa wuƙa irinsa mana."

Maigida ya murtuke. "Wuƙar Baba ba ta da wani maƙali."

"Baba kuma bai sa kaki ba."

Ina daga bayan danga ina ji. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa sa baki a maganar ƙira ba, don mace ba ta shiga maƙera, ko gawayi ne iyakarta bakin ƙofa. Amma da na kai masa tuwo na durƙusa na ce, "Maigida, da ka gwada."

"In gwada, wa zai yi mini zuga? Inna?"

"Ga ni."

Ya janyo tuwon ya hau ci. Washegari na tarar ya kewaye gefen maƙerar da zana, yadda mai wucewa ba zai ga wanda ke zaune a bayan zugazugi ba.

To, a nan na zauna. Fatun akuya ne guda biyu, ka danna wannan ka saki wancan, wuta ta yi ta numfashi. Da fari kafaɗuna kamar za su ɓalle. Yana cewa, "Sannu-sannu, ba daka kike ba." Daga baya hannuna ya saba. Ku sani, duk shekarun da muka yi tare ban taɓa wuni zaune kusa da shi da rana ba sai a lokacin nan. Yana duka, yana ba ni labarin yadda ubansu ya koya musu lanƙwasa ƙaho da zafin toka, da ranar da ya ƙone yatsa yana yaro ya ɓoye don kada a yi masa dariya. Ashe mutumin mai hira ne, ni ban sani ba.

Daga tsohuwar galma ya yanko ƙarfen. Ya buga shi ya yi siriri kamar ganyen rake, ya lanƙwasa, ya huda, ya kafe shi jikin ƙahon da ƙusa. Sa'annan ya ɗauko babbar rigarsa ta saƙi ya gwada a bakin aljihunta, wurin da ɗinki ya yi kauri. Ya buɗa maƙalin kaɗan-kaɗan har ya shiga daidai, ya kama gam. A kan wannan awon ya yi duk sauran. Ƙanensa ya kwashe su ya tafi da su wajen abokan aikinsa.

Da ya dawo, tun daga zaure yake ƙyalƙyala dariya. "Yaya, da mi ka auna su? Da bargo? Mutum huɗu ke nemana ruwa a jallo. Wani ya sunkuya zai yi alwala, tasa ta bi kanal, yanzu haka tana Bakura."

Ya zura wuƙar a aljihun kakinsa ya girgiza kafaɗa. Ta faɗo ƙasa tim.

Maigida bai yi dariya ba. Ya ɗauki wuƙar ya jefa cikin kwandon tarkace, ya ce a kashe wutar. Da yamma na ga ya ciro jakarsa ta fata yana kakkaɓe mata ƙura.

Ƙanen ya bar mini rigarsa in wanke. Ina cuɗa ta a kwatarniya na ji yadin a yatsuna, shara-shara, ko rabin kaurin saƙi bai kai ba. Na ɗauko wuƙar daga kwando na ja maƙalin da farce. Ya buɗe, ya tsaya a buɗe, don ƙarfen galma in ka lanƙwasa shi inda ka bar shi nan yake zama. Ina da wata langalanga da nake yankar wa akuya ciyawa, irin siririn ƙarfen da ake ɗaure akwatunan kayan aiki da shi, ma'aikata na zubarwa. Ita ko ka tanƙwara ta, da ka saki sai ta koma. Yadda zan gaya masa ne ya dame ni. Matar maƙeri ba ta koya wa maƙeri ƙarfe. Sai na jira ya tafi masallaci da azahar, na ninke rigar na ɗora a kan uwar maƙera, na aza langalangar a bisa, na koma ɗaki na hau kaɗi.

Na ji shigowarsa. Na ji yana tanƙwara langalangar yana saki. Can sai ya yi gyaran murya ya ce, "Ke, wutag ga ita za ta hura kanta?"

Bakin langalangar kawai ya sa a wuta, inda zai huda, sauran a sanyi ya lanƙwasa shi don kada ƙarfin ya mutu. Ya matse shi har ya taɓa ƙahon. Da ya gama, ya tuɓe tasa rigar ya cusa kansa cikin kakin ƙanensa, maɓallai ba su haɗu ba, tumbi a waje. Ya maƙala wuƙar, ya sunkuya har goshinsa ya kusa ƙasa. Ya miƙe ya yi tsalle, dattijo da furfura. Wuƙa tana nan. Dariya ta ƙwace mini har na saki zugazugi. Inna ta ɗago murya daga ɗaki, "Mi ya samu ku? Mahaukaci ya shigo?"

"Awo, Inna," in ji shi, "ɗanki ne."

Ya mayar da jakar ƙarƙashin gado.

Daga nan kowace Talata sai ya ɗauki abin da muka ƙera ya tafi kasuwar Mafara, ya sayar da duka, ya dawo da ɗan kifi ko goron Inna. Na ce a raina shi ke nan, na tsare shi a gida. Rani ɗaya muka yi a haka, kuma ban yi wani ranin da ya kai shi daɗi ba.

Amma kowane namiji a ƙasarmu da wuƙarsa, yawanci ta ubansa ce ko ta kakansa. Da suka ga maƙalin, sabuwa ba ta dame su ba, tasu suke so a sa wa. Maigida ya ce su ba shi ya zo da su gida, ya mayar musu wata Talatar. Suka ƙi. Namiji ba ya barin wuƙarsa ta kwana a wani gari, ko aronta ya bayar yana tsaye a kai har a gama. Suka ce ya yi musu a nan, suna gani. Ya gwada a kan dutse, ƙaho ya tsage masa. Wani maƙeri na can ya fara leƙen aikin yana juya shi a hannu. Maigida ya dawo ya ce in bai kai uwar maƙera Mafara ba, wani zai cinye abin.

Ya durƙusa gaban Inna ya ce an ba shi ɗaki da rumfa a Mafara, mu tashi gaba ɗaya.

"Na gaya muku tun ranar da kuka sauke ni," in ji ta. "Kai tahi, Allah shi yi albarka. Ni ina nan."

Ya roƙe ta, ƙanensa ya roƙe ta, ta juya fuska bango. Da suka fito, maigida ya tsaya bakin madafa inda nake, yana murza gemu. Ya ce, "Sai ki zauna da ita. Zan riƙa zuwa."

Na ce to. Me zan ce? Tsohuwa ba ta ganin ko ƙwaryar da ke gabanta.

Da sanyin safiya shi da ƙanensa suka tone uwar maƙera. Su biyu suka haƙa gindin kututturen, suka girgiza, suka ciro, suka naɗe ƙarfen a buhu. Ƙanen ya dube ni ya ce, "Matata, yau dai kin huta da hayaƙi." Ya jira in rama, na kau da kai. Shi ma sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗaurin kaya. Maigida ya rataya zugazugi a kafaɗa, ya ce in kula da akuya. Na bi su da ido har suka sha kwanar layi.

Na dawo na tarar da rami a tsakiyar rumfa da toka mai ɗumi. Na ɗebo ƙasa na cike ramin don kada Inna ta faɗa. Hantsi ya yi, lokacin da aka saba jin dukan masaba a kan ƙarfe, gidan tsit. Inna ta kira ni ta ce in zo in zauna kusa da ita. Na zauna. Ta laluba ta kama hannuna, ta ji kantar da zuga ta yi mini, ta yi ta shafawa.

Da fari yana zuwa duk mako. Sai ya koma duk wata, sai ya koma da salla. Bai yi mana rowa ba, hatsi da tufafi ba su yanke ba, yakan aiko da direbobi. Aiki ne ya yi masa yawa.

Inna ta yi tsawon rai fiye da yadda kowa ya zata. A ɗakin nan ta cika, kanta bisa cinyata, aka kai ta makwanci daga inda ta ce.

Ƙanen maigida, da aikin kanal ya ƙare, ya samu 'yar gona a Bakura yana noman tumatir. Ya tsufa, haƙora sun zube, har yau in mun haɗu wurin suna sai ya ce in biyo shi.

Maigida bai ƙara aure ba. Bayan rasuwar Inna ya aiko aka kai ni Mafara. Na tarar rumfarsa a bakin titi take, cike da maza, ya koma gyaran bokitai da injin ban-ruwa, yana da ma'aikata. Nakan aika masa abinci da rana, ya shigo bayan isha a gajiye. Ba mu cika shekara biyu a haka ba ciwon ƙirji ya ɗauke shi, Allah ya jiƙansa.

Ni kuwa ɗiyata ta zo ta ɗauke ni zuwa Dakko, ta ba ni ɗakin da ke kusa da rumbu. A nan nake. In gari ya waye kowa ya tafi gona, ni ke tsaron gida.