Taki Huɗun Mai Agogo

Na daɗe ina ɗauka cewa jahilci ne kawai ke jefa mutum a tarkon farkon wasan ces, wato darar Turawa. A inda na yi karatu, rana ɗaya ake koya wa mutum maganinsa. Da na dawo gida na zauna kusa da Mai Agogo, sai na fara shakka.

Shekara talatin yana gyaran agogo a wani ɗan shago mai taga ɗaya. Teburinsa ba ya rabuwa da hantsaki, da kwalbar ƙananan kusoshi, da madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya. Kullum da la'asar yakan ture su gefe ya shimfiɗa allon ces, sai Tela, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, ya tsallako titi da zare a kafaɗa.

Shi ya koya wa Tela wasan. Shi ya nuna masa tarkon taki huɗu: ka fito da liman, mai tafiya a karkace, ka aika sarauniya can gefe, su haɗu a kan sojan da ke kusa da sarki. Ya nuna masa maganin ma: tura sojan gaban doki taki ɗaya, ya tare wa sarauniya hanya.

Amma tun bara, tarkon nan yake kama Mai Agogo da kansa. Yakan ƙura wa allo ido, ya kai hannu yana lalube, ya tura wani abin daban.

"Sarki ya mutu!" in ji Tela, yana tafi. "Tsoho, ko shayi bai huce ba! Gobe ka zo da matarka ta taya ka."

"Ƙyale ka nake yi, ɗan ƙwal uba. Kai da ko wando ba ka iya yankawa daidai."

'Yan kallo su yi dariya, shi ma ya yi. Sai ya kwashe 'ya'yan wasan a hankali, yana shafa kan kowanne kafin ya san ko wane ne.

Wata rana da kowa ya watse, na ce, "Baba, kai da ka san maganin, me ya hana ka tura sojan?"

Ya juya madubinsa a tafin hannu.

"Sarauniyar ce ba na gani, ɗana. In na maƙala wannan don in duba allo a gaban jama'a, wa zai ƙara kawo mini agogonsa?"